Yadda Na Kai Muryar Baffa Juli Nijar

Tun da na dawo daga Nijar bakina bai huta ba. Mai shayi ya tambaye ni, masu cajin waya na bakin tasha sun tambaye ni, har limamin unguwarmu ya tsare ni a ƙofar masallaci wai in faɗa masa tsakani da Allah, da gaske ne na je na yi wa shanu wa'azi da lasifika? Wani ma yana yawo yana cewa ɗaure ni aka yi a can. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Duk wanda ya sake tare ni a hanya, takarda zan miƙa masa in wuce.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bala, ina da shagon ɗaukar murya a Ƙaura Namoda, ɗaki ɗaya da na liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu. Ina ɗaukar mawaƙa da masu tallar magani da 'yan Islamiyya, ina kuma ba da hayar lasifika. Mutanen gari suna ce mini Bala Eko, alhali duk Ƙaura babu wanda ya tsani eko, wato amsa-kuwwar inji, kamar ni. Sunan ya fito ne daga faɗan da nake yi da duk wanda ya shigo ya ce, "Injiniya, a ƙara mani eko." Mutum ya zo da murya kamar ƙofar langa-langa, kuma yana son a maimaita masa ita sau uku.

Aikin nan ban gaje shi ba, a littafi na koye shi. Matasa kan zo su tambaye ni me za su karanta, in nuna musu littattafai uku da ke kan kanta, sai su ce a'a, wai ba ni da bidiyo? Na farko ƙato ne na Turanci, na saye shi wurin masu baza littattafai a ƙasa a Kano, bangonsa ya tafi tun kafin mu haɗu, don haka har yau ban san wanda ya rubuta shi ba. Shi ya koya mini makirfo da lasifika da inda ake ajiye kowanne. Na biyu kwafin takardun wani tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne, a kan haɗa murya da kiɗa. Na uku ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin rakoda, wanda a garin nan ni kaɗai na san ba don hura gawayi aka sako shi ba. Ƙaton na fi so, ko da yake marubucin ɗan ƙasar sanyi ne, babbar damuwarsa a duniya ƙarar firji. Bai taɓa zama kusa da janaretan maƙwabcina ba.

Wata safiya sai ga Mamman Tela daga Shinkafi. Abokina ne tun firamare, yana auren Bafulatana mai suna Hawwa, 'yar wani tsohon makiyayi da ake kira Baffa Juli. Da damina 'yan bindiga suka shiga rugar Baffa suka kore shanunsa kaf. Tsohon ya bi su a guje, ya faɗa rami ya karye a cinya, yanzu yana kwance gidan Mamman an yi masa ɗori. Labarin da Mamman ya zo da shi shi ne jandarmomin Nijar sun tare wani garke da aka ƙetara da shi, sun damƙa wa ardon wani ƙauye can gaba da Ɗan Isa, kuma wani ɗan kasuwa ya ga jajayen shanun Baffa a ciki. Ɓarayin sun ƙone shaidar da ke jikinsu, sun ɗora wata a kai. Sai ardon ya ce to a bi al'ada: wanda ya ce nasa ne ya zo ya kira, wadda ta amsa ta biyo shi tasa ce. Abin da ba a kira ba har ranar kasuwarsu ta gaba, hukuma za ta yi gwanjonsa. Kuma tuni wani dillali ya je ya ce nasa ne.

Na ce, "To Baffa ya tahi ya kira mana."

"Da wace ƙahwa?"

"Kai ka tahi."

"Ni? Bala, ko akuyar gidanmu ba ta amsa mani."

"To mi kaka so in yi?"

"Ka ɗauko muryatai cikin injin nan naka, mu kai masu."

Na gaya masa gaskiya, littafina ba shi da babin shanu. Amma tsohon nan ba shi da gona, ba shi da shago, abin da ya tara tun yana yaro ke nan yake tsaye a ƙasar wasu yana jiran gwanjo. Na rufe shago.

Hanyar Shinkafi kun san ta, ba sai na ɓata takarda ba. Motoci su taru su jira juna, a tafi ayari, direba ya kashe rediyo, kowa ya koma mutumin kirki yana jan carbi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓa jakata ta ji ƙarfen tsayar da makirfo, ta matsa gefe ta fara salati. Na fito da shi na nuna mata. Ta ce ita dai Allah ya raba ta da shi, ko mene ne.

Na sami Baffa kwance a ɗaki, dogo, siriri, ƙafa a ɗaure da karare. Na gaishe shi da jiki, na kafa kayan aiki, na ce bismilla, ya kira shanunsa kamar yadda ya saba. Ya buɗe baki ya fitar da wani ɗan sauti da ko kyanwa ba za ta juyo ba. Na ce ya ƙara. Ya sake yin irinsa. Sai Hawwa ta yafito ni waje ta ce, "Injiniya, ba ya ɗaga murya gaban surukinai." Na koma na ce wa Mamman ya je kasuwa ya sayo mini batir. Ya ce ai ya ga ina da batir. Na ce ya je dai ya sayo, kuma kada ya yi sauri.

Ko da Mamman ya fita, Baffa ya ƙi. Ya ce, "Kaɗo, ba a kiran shanu cikin ɗaki. Sai su ce na haukace."

"Su wa, Baffa?"

"Shanun."

A nan shi da marubucin ƙasar sanyi bakinsu ya zo ɗaya, don shi ma ya ce kowane sauti a ɗauke shi inda ya saba zama. Muka samo amalanke, maƙwabta suka kama, aka ɗora tsohon da gadonsa, muka tura shi bayan gari da yamma, lokacin da garke kan dawo. Iska na kaɗawa. Littafi ya ce a sa wa makirfo rigar gashi, ni kuma rigar gashin da nake da ita safar ƙafata ce, na cire na zura masa. Baffa ya dubi safar ya dube ni.

"Wagga fa?"

"Maganin iska na, Baffa."

"Wankakka ta?"

Na ce eh. Allah ya yafe mini.

Aka jingina shi da buhun gero ya fuskanci daji. Na ja makirfo baya kamar kamu biyu daga bakinsa, na sa abin ji a kunne, na danna. Ya rufe ido. Jama'a, na shekara ina ɗaukar masu taƙama da murya, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Daga can ƙasan ƙirji ya taso, dogo, ya hau sama ya karye, sannan sunaye suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, Saye, Wule, Nyale, yana haɗawa da wani ƙyas-ƙyas na harshe. Tsigar jikina ta tashi. Da ya gama ya buɗe ido ya zuba wa dajin, yana jira. Ba abin da ya fito. Na yi niyyar cewa a sake, don littafi ya ce kullum a ɗauki biyu, sai na ga Hawwa ta girgiza mini kai. Muka turo shi gida.

Washegari ni da Mamman muka dawo Ƙaura, na ɗauki lasifika irin ta kan masallaci, mai buɗaɗɗen baki, don ba ta da nauyi kuma tana kai murya nesa. Na sa ƙaton littafin a jaka. Matata ta ce mutane na tafiya da guzuri ni ina tafiya da bulo, ta cusa mana hoce a leda. Muka hau motar Zurmi. A Zurmi muka yi zaman jiran ayari har muka sha hura sau biyu, mai hurar ta fara tambayar ko mun tare a garin ne.

Kusa da Gurbin Ɓore muka tarar da shingen 'yan sa-kai. Aka ce kowa ya sauka da kayansa. Wani mai jan ido ya ɗaga rakodata ya ce me ke ciki. Na ce murya ce. Ya ce in kunna. Ina kunnawa, wurin ya yi tsit, don kowa ya ji Fulatanci ne, kuma a hanyar nan Fulatanci daga cikin inji ba abin wasa ba ne. Ya gyara riƙon bindigarsa ya ce, "Wa kaka kai ma saƙo daji?" Mamman ya fara bayani daga ranar ɗaurin aurensa. 

Wani dattijo a cikinsu, da ganin hannunsa ka san manomi ne, ya matso ya ce in sake kunnawa. Ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye. Ya ce wa mai jan idon, "Kiran shanu na, ba kiran mutane ba. Bar su." Ya taya ni mayar da kaya jaka, yana cewa shi ma yana da bijimai biyu na huɗa, da su aka tafi bara. Da za mu shiga mota ya ce, "In kun ga wani baƙin bijimi mai karyayyen ƙaho, ku ce ina gaishe shi." Na ce zai ji.

Daga Jibiya muka nufi iyaka. Abin da ya fara ba ni mamaki a ɓangaren Nijar shi ne sai jami'i ya gaishe ka, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya zazzage maka jaka har ƙasa. Hausarsu tamu ce sak, sai dai kowace jimla sai an jefa mata Faransanci kamar gishiri. Wanda ya duba ni bai damu da lasifika ba, littafin ne ya tsone masa ido. Ya buɗe ya tarar da zanen da ke nuna ta wane gefe makirfo ke ji, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya ce wannan ai ƙoda ce, ni likita ne? Na ce a'a. Ya ce to yana da ciwon baya, ko da a ce na san maganinsa. Mamman kuma hoton katinsa tun ba shi da gemu ne, sai da ya rufe haɓarsa da hannu aka yarda shi ne. Muka canza kuɗi, nairarmu ta shiga da ƙiba ta fito a rame.

Mun isa ƙauyen gab da magariba a bayan wata akori-kura da su suke kira kamyo. Mai gari ya sauke mu a zaurensa, aka kawo tuwon gero da miyar kuka mai yawan daddawa, ban ga bambanci da na gida ba sai yaji, nasu ba ya neman rai. Da safe ne aka kawo burodi dogo mai tauri, Mamman ya ɗaga shi ya tambaya ko na kora shanun ne. Shayinsu kuma sha uku ne a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi rashin ladabi. Mu a Ƙaura a cika maka kofi da madara ka shanye ka kama gabanka. Barci dai ban samu ba. Na yi matashi da littafin, Mamman na minshari a gefe, ga mutane kwance a waje kan tabarmi hankali kwance. Su ma suna da nasu rabon na ɓarayi, amma na daɗe ban ga magidanci ya kwana a ƙofar gida ba.

Da hantsi aka taru a bakin shingen ƙaya inda aka tsare shanun. Garke ne babba, an gauraya na mutane da yawa, farare da jajaye, duk sun rame. Ardo na zaune kan buzu, dogon tsoho mai ƙaramar murya. Ga liman, ga jandarma ɗaya a kan babur, ga dillalin nan cikin farar shadda. Shi aka fara ba dama. Ya tsaya ya yi "hai, hai", ya tafa hannu, ya yi fito. Wata saniya ta dube shi ta ci gaba da tuƙa. Ya ce ai yaransa ke kiwo, shi saye yake. Ardo ya ce to ya zo da yaran.

Da aka zo kanmu dillali ya ce bai yarda ba, inji ba ya rantsuwa. Aka yi ta ja-in-ja. Liman ya ce in mutum ya aiko da wasiƙa ana karɓa, balle ya aiko da muryarsa, Mamman ya rantse a madadin surukinsa cewa ba a yi ha'inci ba. Mamman ya rantse, idonsa na kan ƙahonin da ke bayan ƙaya. Na ɗaure lasifika a reshen bishiya, na haɗa batir, na buɗe ta har ƙarshe, na danna.

Kiran Baffa ya fita ya cika ƙauyen. Ko saniya ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Abin da ya amsa jaki ne. Sai ga mata suna fitowa daga gidaje da jarirai a kafaɗa, sun ɗauka masu rigakafi ne suka zo. Dillali ya yi dariya har da riƙe ciki. Na sake kunnawa, haka. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma abin da ke raina tsohon nan ne da ya zuba wa daji ido. Ardo ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, yana ba mu zuwa bayan la'asar, daga nan magana ta ƙare.

Na koma gindin bishiya na buɗe littafi. Mamman ya tsaya a kaina ya ce, "Bala, shanun mutum za su tahi, kai karatu zaka yi?" Na ce ya matsa yana tare mini haske. A gaskiya tun ina kunnawa kunnena ya gaya mini wani abu ya ɓace, abin da na ji a bayan garin Shinkafi ba shi ne ya fito ba. Na nemo babin lasifika. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, har na taɓa ja masa layi da biro na manta: irin wannan mai buɗaɗɗen baki saman murya kawai take jefawa, ƙasan, wanda ke fitowa daga ƙirji, ba ta ɗauke shi. Shi ya sa duk wanda ya yi magana a cikinta yake komawa mai tallar maganin basir. Na kawo wa shanu hancin Baffa na bar ƙirjinsa a cikin rakoda. Marubucin ya ƙara da cewa in kana son a ɗauka mutum ne, ka ajiye sautin daidai tsayin bakin mutum, kuma kada ya fi ƙarfin muryar mutum. Ni na rataye shi a bishiya na ƙure shi.

Abin da nake bukata babban akwatin sifika ne irin na biki. Na tambaya, ba wanda ya gane, sai da jandarman ya ce, "A, bafal kake nufi. Sai Hajiya Zali mai sono." Sono shi ne kayan sauti a bakinsu. Ya ɗauke ni a babur zuwa garin da ke gaba. Hajiya Zali mace ce mai jiki da murya, kayanta ake haya a duk bikin yankin. Ta saurare ni har na gama ta ce, "Ɗan Najeriya, bafal ɗina ya je bikin ɗiyar farfe, babban jami'in gwamnatin yankinmu. Bai taɓa zuwa garke ba." Na ba ta labarin Baffa da ƙafarsa. Ta ce za ta bayar, amma ƙafarta ƙafar akwatin, kuma in saniya ta huda shi ni da ita ne.

Muka dawo da shi a amalanken jaki, tana zaune a kai da lema. Na ɗora akwatin kan turmi biyu da aka kife, na auna da tsayin bakina na ƙara kaɗan, don Baffa ya fi ni tsawo. Ina haɗa waya na ga hannunta ya tafi kan wani maɓalli.

"Hajiya, mi kika taɓawa?"

"Eko. Kaɗan dai, don ya yi daɗi."

Na ƙetara iyaka, na kwana a zauren mutane, ga shi abin ya biyo ni. Na ce, "Hajiya, don girman Allah ɗauke hannunki. Saniya ba amarya ba ta." Ta ce ita tun da take ba ta taɓa kunna bafal ba eko ba, mutane za su ce ya lalace. Sai da liman ya sa baki ta janye, tana cewa 'yan Najeriya ba su san daɗi ba.

Aka idar da la'asar, aka dawo. Na roƙi ardo ya sa jama'a su ja baya su yi shiru. Na rage ƙarfi har ya dawo daidai yadda na ji shi a bayan gari. Na kunna daga wayata da na zuba kiran a ciki, ita kuma rakoda na ajiye ta kan turmi tana ɗauka, wannan kam sabo ne, hannuna ya yi da kansa.

Muryar ta fito da ƙirjinta. Ko ni sai da na waiga. Da farko ba komai. Sai wata jar tsohuwar saniya can tsakiya ta daina tuƙa, ta ɗaga kai, kunnuwa a miƙe. Da aka zo kan sunaye ta saki wani kuka mai tsawo, ta fara ture na gabanta. Wata ta amsa daga gefe, wata daga baya. Ardo ya ɗaga hannu aka janye ƙayar ƙofa. Suka fito a jere, jajaye, suna kuka, sauran garken na tsaye suna kallonsu. Kada ku tambaye ni guda nawa, ba a ƙirga wa Bafulatani shanu a bainar jama'a, ni ma ban ƙirga ba. Mamman dai na neme shi na rasa, ashe yana kan amalanke bayan Hajiya Zali.

Suka kewaye akwatin. Jar tsohuwar ta shinshina gabansa, ta zagaya bayansa ta duba, ta dawo gaba, ta sake zagayawa. Kiran ya ƙare. Ta tsaya nan da hancinta a jikin katakon tana wani ƙaramin gurnani. Hajiya Zali da ta yi mini kashedi a kan akwatinta, sai ga ta tana share ido da bakin gyale. Ardo ya ce, "Na mai murya na." Jandarma ya rubuta. Dillali kuwa ba wanda ya ga tafiyarsa. Da za a ɗauke akwatin sai da mutum biyu suka riƙe saniyar, duk da haka ta ƙwace ta bi amalanken har bakin gari.

An shirya shanun su zauna wurin ardo har Baffa ya warke ko hanya ta yi kyau. Na duba baƙin bijimi mai karyayyen ƙaho a cikin sauran, babu shi, kuma a dawowa ba mu tarar da dattijon a shingen ba, ban san ko in ji daɗin haka ba. Sauran hanyar ba abin faɗa, sai tayar da ta fashe mana kusa da Zurmi, inda aka canza ta cikin saurin da ban taɓa ganin an yi aiki da shi a ƙasar nan ba.

A Shinkafi Mamman ya shiga da albishir tun daga ƙofar gida, Hawwa ta yi guɗa. Baffa ya ce alhamdu lillahi, bai ƙara ba. Na zauna bakin gadon na sa masa abin ji a kunne, na kunna masa abin da rakoda ta ɗauka. Ya rufe ido. Duk wadda ta yi kuka sai leɓensa ya motsa da sunanta. Da ya ƙare ya ce in mayar, na mayar. Sannan na ba shi labarin jar tsohuwar, yadda ta yi ta zagaya akwatin. Na ɗauka zai yi dariya.

Ya ce, "Ta duba baya?"

"Sau biyu, Baffa."

"Ba ta ishe kowa ba."

"Ba kowa."

Ya mayar da ido rufin ɗaki. Ya ce tun tana maraƙa bai taɓa kiranta ta zo ta tarar ba ya nan ba. Sannan ya juyo ya dube ni sosai.

"Kaɗo, kiran nan yana nan cikin injinka?"

"Yana nan. Har wuri biyu na aje shi."

"Duk wanda ya kunna shi, su bi shi?"

 Duk tsawon hanyar nan, da karatuna da komai, wannan bai zo mini a rai ba. Na ce, "Za su bi shi."

"To kashe shi."

Wallahi ya yi mini zafi. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa ɗaukar abin da ya kai shi ba, kuma na san ba zan sake ba. Na riga na gama tsara yadda zan riƙa kunna wa masu neman eko su ji yadda murya take. Na ce masa ba wanda zan ba. Ya ce ya yarda da ni, amma a hanyar da na biyo sau nawa aka karɓi injin daga hannuna? Na fito da rakoda da waya, na nuna wa Hawwa inda yake a kowanne don ta zama shaida, na goge. Na ce saura ɗaya, wanda ke kunnensa, shi ma da kiran a farkonsa kafin shanun su amsa.

Ya dafe abin jin da hannu biyu. Ya ce, "Yanke nawa. Bar mani nasu."

Na yanke a nan bakin gadon, na zuba kukan shanun a wayar Hawwa. Abin jin ma na bar masa, don na ga ba shi da niyyar cirewa. Na ɗauki jakata na yi sallama, bai ji ni ba.